Akuyar Mama a Sabon Talabijin

Mahaifiyarmu ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyarwa, goma sha tara daga ciki ita ce shugabar makarantar firamare, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa ganin haƙoranta a harabar makaranta. Yara suka sa mata suna Ƙararrawa, amma a bayan idonta. Ƙarfe bakwai da rabi tana tsaye a bakin ƙofa, agogo a tafin hannunta, domin ta ce ɗaga hannu a duba agogo ɓata lokaci ne. Duk wanda ya iso bakwai da minti talatin da ɗaya, sai ya tsinci takardu ɗari a filin makaranta kafin ya shiga aji. Mu 'ya'yanta huɗu, da muke kwana gida ɗaya da ita, mun fi kowa tsintar takardu, don ba ta jiran kowa ya nemo takalminsa. Wata rana wani sufeton makarantu ya zo da makara, ta tare shi a ƙofa ta tambaye shi dalili. Bawan Allah ya fara bayanin taya da ta yi faci, ya kai rabi kafin ya tuna cewa shi ne ya zo duba ta.

Ni ce auta, kuma ni na fi kowa zuwa gidanta, shi ya sa na ga abin da zan faɗa da idona.

A ofishinta akwai wani kabad na ƙarfe da ake zuba duk abin da ta ƙwace daga hannun yara: usur, madubi, ƙwallo, karta, har da wata kaza ta taɓa wuni a ciki. Ƙarshen zango iyaye su zo su karɓa. Abu ɗaya ne ba a taɓa karɓa ba, wata na'urar gem, irin ta wasan da ake jonawa a talabijin, mai ruwan toka, da abin dannawa guda biyu masu dogayen wayoyi, da kaset ɗaya da takardar jikinsa ta yage. Wani ɗan aji shida ne ya ɓoyo ta a jaka don ya yi wa abokansa burga. Da aka kira mahaifinsa, sai ya ce, "Malama, ki sa guduma ki fasa ta. Ni dai kar in ƙara ganinta a gidana." Mama kuwa ba ta fasa kayan mutane. Na'urar ta zauna a kabad shekara tara, ranar da Mama ta yi ritaya ta biyo ta gida a cikin kwali, tare da tsofaffin rajistoci da wata taswirar duniya da ɓera ya cinye mata kudu.

Shekara biyu da ritayarta Baba ya rasu. Mu kuma duk mun watse, kowa da gidansa. Muka yi ta roƙonta ta koma wajen ɗayanmu, ta ce ba ta tsufa ba balle a riƙa yawo da ita kamar tukunyar aro.

Wata safiya na je ban sanar ba. Tun daga tsakar gida na ji muryarta a falo, irin muryar nan da ke sa ɗan aji uku ya saki fitsari.

"Yi tsalle, daƙiƙiya! Tsalle na ce! Sau nawa zan nuna miki ramin nan?"

Na ɗauka ta fara koyar da 'yar maƙwabta. Da na leƙa, sai na ga Mama zaune a kan kujerar katako, bayanta a miƙe, tabarau a ƙarshen hanci, abin dannawa a hannu. A fuskar talabijin wata 'yar farar akuya ce ke gudu tana tsallake ramuka da tayoyi masu gangarowa, ana wani kiɗa kamar ana matse ɗan tsako.

"Mama, me nake gani haka?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Bincike nake yi. Ina so in san abin da ke lalata yara."

Binciken nan ya kai shekara goma sha huɗu. Kullum daga ƙarfe goma zuwa sha biyu na safe, ban da ranar da take wanki. Abin dannawar ta sa masa suna linzami, akuyar kuwa Daƙiƙiya. Wasan ba ya ajiye inda mutum ya tsaya, saboda haka kullum daga mataki na ɗaya take farawa, ta kai har na goma sha tara, inda akwai wani kogi mai faɗi da akuyar ba ta taɓa tsallakewa ba. Nan take faɗawa, Mama ta yi tsaki, ta kashe, ta lulluɓe na'urar da tawul, ta shiga kicin. Idan kaset ya ƙi tashi, ta zare shi ta hura masa iska sau uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Jikokinta sun gwada karawa da ita sau ɗaya, suka tashi suna cewa ai wasan tsoho ne.

Talabijin ɗin kansa ya girmi aurena. Irin mai ƙaton ƙeya ne, wanda sai maza biyu sun yi nishi kafin su ɗaga shi. Sai an mare shi a kunnen hagu yake kawo launi, kuma idan ya ɗau zafi yana warin ƙurar da ta ƙone. Mama ba ta ga laifinsa ba. Babban yayanmu ne ya gani.

Yaya injiniyan gadoji ne, mutum mai son a ga ya yi abu. Ya kira ni a waya ya ce in riƙe Mama a asibitin ido ranar Talata har azahar, yana da abin mamaki. Ni ma da nawa laifin, don ban tambaye shi komai ba. Muka dawo muka tarar an kafe wani ƙaton allo baƙi a bango, siriri kamar faranti, faɗinsa ya kusa kai ƙofar ɗaki in an kwantar da ita. Yaya na tsaye a gefe da rimot, yana murmushi kamar wanda aka zo ɗauka hoto.

Mama ta dubi bangon. Ta dubi teburin da babu komai a kai sai alamar ƙafafu huɗu a cikin ƙura.

"Ina nawa?"

"Mama, ai wancan ya gama aiki. Na ba mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ki ga wannan, har gashin girar mai karanta labarai za ki iya ƙirgawa."

"Me zan yi da girarsa?"

Ta yaye tawul, ta ɗauko wayar na'urarta mai kawuna biyu, ɗaya rawaya ɗaya fari, ta miƙa masa. "Sa mini."

Yaya ya karɓa da fara'a, ya cusa kai bayan allon. Ya fito ya kunna fitilar wayarsa, ya koma. Ramukan da ke bayan sabon talabijin duk sirara ne masu faɗi, kawunan wayar Mama kuwa zagayayyu ne kamar bakin biro. Babu inda za su shiga. Ya fito da yanar gizo-gizo a kunne, ya ce ƙaramin abu ne, gobe zai kawo maganinsa.

Washegari ya zo da allon hannu, irin wanda ake shafawa da yatsa, ya ce akwai wasanni dubu a ciki. Mama ta ce ita ba ta shafa gilashi sai in za ta goge shi. Rana ta uku ya dawo da wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, mai ramuka zagayayyu a gefe ɗaya da siriri a ɗaya gefen. Ya jona komai, ya kunna. Allon ya nuna shuɗi. Ya zare ya mayar. Shuɗi. Ya hura wa akwatin iska ma, don ya ga Mama na yi wa kaset.

Mama ta ce, "Miƙo kwalin."

Ta gyara tabarau, ta karanta tun daga sama har ƙasa, tana bi da yatsa kamar tana duba jarrabawa. Sai ta nuna masa wata 'yar kibiya da aka zana.

"Wannan yana karɓar sabon hoto ne ya mayar da shi tsoho. Mu tsoho ne da mu, muna neman sabo. Ka sayo mai tafiya baya." Ta ajiye kwalin. "Tun kana aji huɗu nake gaya maka ka karanta tambaya kafin ka fara amsa. Ka haɗa gari da gari da gada, ka kasa haɗa waya da talabijin. Allah ya tsare masu bin gadojin nan."

Yaya, mai shekara hamsin da ɗaya da furfura a gemu, ya tsaya da hannaye a baya bai sani ba.

Ranar Asabar ta naɗe na'urar a tawul, ta sa a jakar hannunta, ta ce in kai ta layin masu gyaran kayan lantarki. Layi ne matsattse a bayan kasuwa, rumfuna a jere, ko'ina warin dalma da aka narka, ga gawarwakin fankoki da rediyoyi jibge har bakin hanya. Ba mu yi taku ashirin ba na lura layin yana yin shiru. Wani ya kashe kiɗa. Wani ya jefar da sigari ya taka. Rabin mutanen layin sun bi ta hannunta.

Ta tsaya a gaban wata rumfa inda wani mutum mai sanƙo da tumbi ya duƙa a kan buɗaɗɗen talabijin.

"Bencin Baya," ta kira shi da laƙabinsa na tun yana ɗalibinta.

Mutumin ya miƙe da sauri har kansa ya bugi fitilar da ke rataye. "Ranki ya daɗe! Barka da zuwa, Malama. Wallahi ban gan ki ba."

"Ai kai dama ba ka ganin allo. Har yanzu kana rubuta bakwai kamar ɗaya?"

"Na daina, Malama."

Ya goge mata kujera da rigarsa. Da ta warware tawul ya ga abin da ke ciki, sai ya dube ni, ya dubi na'urar. Na ga tambayar tana yi masa ƙaiƙayi a maƙogwaro.

"Ta jikokinki ce?"

"Ka ga jikoki a nan?"

Ya ce abin da ake bukata shi ne akwatin da ke juya tsohon hoto ya koma irin wanda sabon talabijin ke ganewa, konbata suke ce masa. Ya tono ɗaya daga cikin durowa, ya nuna mata kibiyar, ta karanta da kanta ta gyaɗa kai. Ya ce shi ma akwatin yana cin wuta, sai an jona masa 'yar waya a bayan talabijin, in ba haka ba ko shekara za a yi shuɗi za a gani. Ya rufe rumfa ya biyo mu gida, don ta ce ba ta yarda da bayani ba, ta fi son aiki.

Yaya ma ya zo, wai don ya sa ido. Bencin Baya ya jona rawaya a rawaya, fari a fari, ya ja siririyar waya zuwa bayan allo, ya danna rimot. Kiɗan ɗan tsako ya cika falo. Akuya ta bayyana, amma babu launi, kuma tana rawar ɗari.

"Ta yi furfura," in ji Yaya.

Babu wanda ya yi dariya. Bencin Baya ya tura wani ɗan maɓalli a gefen akwatin da farce, sai ciyawa ta koma kore, sama ta koma shuɗiya, rawar ta tsaya. Sai dai hoton ya baje ya cika faɗin allon, akuyar ta yi gajarta ta yi faɗi kamar an zauna mata a kai.

Mama ta ce, "Wa ya ciyar da ita haka? Wannan ba za ta iya tsallake ko kwata ba."

Ya shiga cikin rimot ya matse hoton, aka sami baƙin fili hagu da dama, akuya ta dawo yadda Allah ya yi ta. Yaya ya fara ƙorafin cewa an ɓarnatar da rabin allo. Mama ta dube shi ta saman tabarau, ya bar maganar. Muka tafa, Bencin Baya ya sha ruwa ya tafi, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Litinin ƙarfe goma Mama ta zauna, ina gefe. Akuya ta taso da gudu, ta iso ramin farko, ramin da Mama ke tsallakewa ko tana magana a waya. Ta danna. Akuya ta zurma ciki. Ta sake. Ta zurma. A ranar ba ta wuce mataki na biyu ba.

"Talabijin ɗin nan makara yake yi," in ji ta. "Ina dannawa, sai ya gama abin da yake yi sannan ya gaya mata."

Na karɓa na gwada, ban ga wata makara ba, amma ni ko a tsohon ma ramin farko nake ƙarewa. Yaya da ya ji, sai ya yi dariya ya ce talabijin da aka ƙera bana ba zai yi wa na'urar da ta girmi 'ya'yansa makara ba. Daga baya ya kira ni, muryarsa a ƙasa. Ya ce in duba da kyau, Mama shekararta saba'in da huɗu, hannu yana sanyi, ido yana sanyi, kuma irin wannan abu haka yake farawa, mutum ya riƙa ɗora laifi a kan kaya. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai ga sauran 'yan'uwanmu biyu, kowa na kiranta yana tambayar ya jiki. Yaya har ya karɓo mata ranar ganin likitan jijiyoyi.

Mama ba kurma ba ce. Ta gane abin da ake faɗa a bayanta.

Da na je ranar Juma'a ƙarfe goma da rabi, falon shiru. Na'urar na lulluɓe. Mama na zaune a kujerarta ta katako, ta ɗora hannayenta biyu a cinya tana kallonsu. Kwana huɗu ke nan ba ta kunna ba. Ban taɓa ganinta zaune ba ta yin komai ba, ko a makon da Baba ya rasu wake take tsincewa.

"Auta, zo ki duba. Ki gaya mini gaskiya, kar ki yi mini irin ta 'yan'uwanki. Hannun nan yana rawa?"

Na riƙe shi. Busasshe ne, mai ɗumi, kanta ta fito a babban yatsa inda linzami ya ci. Na ce ba ya rawa.

"Ke ba ki iya ƙarya ba, amma kina da tausayi, duk ɗaya ne." Sai ta ce, "Buɗe kwalin can ki ɗauko mini rula."

Rular katako ce mai tsawon santimita talatin, wadda tafin hannun rabin garin ya san ɗanɗanonta. Ta nuna mini yadda za a yi. In riƙe rular a tsaye ta sama, ita ta buɗe yatsu biyu a daidai sifili, in saki ba tare da na faɗa ba, ita kuma ta cafke. Inda yatsunta suka kama, nan ne makinta, ƙaramin lamba shi ne mai sauri. Muka yi sau goma, tana rubutawa a bayan wata ambulan. Sha bakwai, sha takwas, sha shida, sha bakwai. Ta dubi lambobin, ta ce, "To, amma ban san na mutane ba. Kira mini Injiniya."

Ya zo da yamma daga wajen aiki, da hularsa ta kwano a hannu. Ta ce za ta je wajen likitansa, amma sai ya fara cafke rula. Ya yi dariya ya naɗe hannun riga. Na saki. Ashirin da huɗu. Na sake. Ashirin da shida. A na uku rular ta wuce ta bugi babban yatsan ƙafarsa.

"Ban shirya ba ne," in ji shi.

"Wace rana ka ce likitan ya bayar?"

"Laraba, Mama."

"Kar ka makara. Ka tafi da ambulan ɗin ka nuna masa."

Duk da haka ba ta gamsu ba. Ta ce rula ta wanke hannunta, amma ba ta kama mai laifi ba. Washegari muka koma layin masu gyara, Yaya na biye da mu yana ɗauke da jakar. A ƙarƙashin teburin Bencin Baya akwai wani tsohon talabijin mai ƙeya da wani ya kawo gyara. Ta sa aka ɗora shi a kan tebur, aka jona na'urar kai tsaye ba tare da akwati ba. Ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta hura kaset sau uku.

Akuya ta tsallake ramin farko kamar ba ta taɓa faɗawa rami ba a rayuwarta. Ta wuce tayoyi, ta wuce gadar igiya, ta wuce wajen ƙudan zuma. Kafin mataki na biyar, mai gyaran fanka ya bar fankarsa. Kafin na tara, hanya ta toshe. Manyan mutane masu iyali, waɗanda matar nan ta ƙwace wa ƙwallo da usur, suka yi cirko-cirko suna kallonta tana cije leɓe tana karkata kafaɗa duk lokacin da akuya za ta yi tsalle. Wani ya manta kansa ya yi ihu, "Saura ƙiris, Ƙararrawa!" Wurin ya yi tsit. Mama ba ta ɗauke ido daga allo ba.

"Na san muryarka," in ji ta. "Kai ne mai kaza."

A mataki na sha biyu ta ajiye linzami da kanta, ta juyo ta dubi Yaya. Ya ce, "Na gani, Mama."

Bencin Baya ya sosa sanƙo ya ce laifinsa ne da bai tuna ba tun ranar farko. Ya ce tsohon talabijin duk abin da aka ba shi nan take yake fesowa. Sabon kuwa ɗan gayu ne, sai ya tsaya ya yi wa hoto wanka, ya shafa masa mai, ya gyara masa wuyan riga, sannan ya fito da shi. Mai kallon labarai ba zai taɓa sani ba, don abin bai kai ƙiftawar ido ba. Amma wanda ke bakin rami zai sani. Ya ce in tana so zai nemo mata tsoho irin nata, akwai su jibge.

Na zaci za ta amince. Sai ta ce, "A'a. Wancan ɗana ne ya kawo. Ba a korar yaro don ya makara. Zo ka gyara masa zama."

Yaya ya juya yana duba wata matacciyar fanka kamar zai saya.

A gida Bencin Baya ya yi ta kutsawa cikin rimot, shafi bayan shafi, har ya gano inda aka ɓoye wani zaɓi na masu gem, wanda ke hana talabijin tsayawa kwalliya. Ya kunna shi, ya bi sauran kayan gyaran hoto ɗaya bayan ɗaya ya kashe. Mama ta sa ya rubuta mata matakan a takarda, ta karɓa ta duba, ta gyara masa kuskuren rubutu biyu, sannan ta zauna ta gwada. Ramin farko, lafiya. Na biyu, lafiya.

"Har yanzu da ɗan nauyin ƙafa," in ji ta. "Amma zai iya shiga aji."

Mako uku bayan haka, wata Alhamis, ina kicin ina wanke mata kofuna na ji ta ƙwala mini kira. Na fito da kumfa a hannu. Tana mataki na goma sha tara, akuya na tsaye a bakin kogin nan. Mama ta nuna can ƙasan allo, a kusurwar dama.

"Mene ne wancan?"

Wani ɗan kututture ne, yana leƙowa daga ruwa yana nutsewa. Tsohon talabijin ɗinta ashe yana cinye gefen hoto, bakinsa na roba ya rufe wajen. Shekara shida tana ƙoƙarin tsallake kogi da tsalle ɗaya, alhali akwai wurin taka ƙafa da ba ta taɓa gani ba. Ta jira ya leƙo, ta danna, akuya ta dira a kansa, ta sake dannawa, sai ga ta a ƙetare.

Mama ta tsayar da wasan, ta ɗauki waya ta kira Yaya a wajen aiki. "Talabijin ɗinka ya nuna mini kututture," ta ce, ta kashe. Ya kira ni sau uku yana tambaya ko lafiya take.

Mataki na ashirin shi ne na ƙarshe, kuma ya ɗauke ta kwana tara. Ranar da ta gama ina nan. Akuya ta haura wani tudu, ta shiga wani ɗan garke, wasu awaki uku suka yi tsalle sau biyu. Rubutu layi uku ya fito cikin wani harshe da babu mai karantawa a gidanmu. Aka yi kiɗa na kamar daƙiƙa goma. Sai allon ya yi baƙi, ya dawo, ga Daƙiƙiya tsaye a mataki na ɗaya, gaban ramin farko, kamar ba a yi komai ba.

Mama ta daɗe tana kallo, linzami a cinya.

"Shi ke nan?"

"Da alama shi ke nan, Mama."

"Shekara goma sha huɗu. Ko takardar shaida babu." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar. "Wanda ya tsara abin nan bai taɓa riƙe aji ba."

Ta dubi agogon bango. Sha ɗaya da minti ashirin. Ta ce in matsa daga gaban allo, ina tare mata haske, kuma idan zan wuce gida in biya ta layin masu gyara in tambayi Bencin Baya ko yana da wani kaset, mai ɗan wuya, ba irin wannan na yara ba.